Garwashin Iya Hausa

Ranar Talatar da mahaifiyata ta rasu, ba da kuka na fara ba. Zama na yi a ofishina na coci, biro a hannu, ina ƙoƙarin rubuta sunayen waɗanda za su iya yi mata waƙa da Hausa. Abu ɗaya ta roƙe ni a gadon asibiti, kuma sau uku ta maimaita, kamar mai magana da yaron da ta san halinsa: "Bulus, kada ka binne ni da Turanci. Matan zumunta su buga mini tulu, su yi mini waƙoƙinmu. Ka ji ko?" Na ce na ji. Ni ne fa faston ikilisiya a Agege mai jita da ganguna da mawaƙa masu riguna iri ɗaya. Suna uku na iya rubutawa, na kuma soke ɗaya da na tuna ita ma ta riga mu gidan gaskiya bara. An sa jana'iza Asabar ta sama. Da na ajiye biron sai na ji ƙanshin hayaƙin icce a hancina, alhali babu abin da ke ci a ofishin sai na'urar sanyaya ɗaki. Hayaƙin murhun Kaka ne ya biyo ni har can.

A gidan haya na taso, bayan layin dogo, irin gidan nan mai ɗakuna a jere suna kallon juna, inda in ka yi atishawa a ɗakinka za a yi maka sannu daga ɗaki na shida. Babana mai gadi ne a wata masana'anta a Ilupeju. Shi ya je ƙauyenmu a kudancin ƙasar Kano ya ɗauko mahaifiyarsa bayan rasuwar kakanmu. Kaka ta zo Legas da ƙullin kaya ɗaya da ra'ayi mai yawa. Ta duba risho ta ce wannan fitila ce, ba a dafa tuwo a kan fitila. Washegari ta samo duwatsu uku ta kafa murhu a bayan gida, kusa da rijiya. Mai gidan ya yi faɗa da Yarbanci, ta ba shi amsa da Hausa, babu wanda ya ji abin da ɗaya ya ce, murhu kuma ya zauna. Makwabta suka sa mata suna Iya Hausa.

Wutar murhun nan ban taɓa ganin ta mutu ba. In an gama girki Kaka takan binne garwashi a cikin toka, da safe ta tone, ta hura, ta tashi. Ta zo da al'adar ƙauye ta ɗibar wuta: wanda tasa ta mutu ya zo da tsingaro a zuba masa garwashi. A Agege babu tsingaro, sai gwangwanin tumatir da aka yi wa mariƙi da waya. Kowa a layin yana da ashana, ban da tantama. Amma ashana ba ta tambayar lafiyar yaranka. Don haka suna zuwa, Musulmi da Kirista, Hausawa da Yarbawa, mai gasa masara da mai guga da ke son garwashi a dutsen gugarsa. Ka'idar Kaka ɗaya ce: mai ɗibar wuta ya ajiye ɗan icce, ko guntun katako ne, ko totuwar masara. In mutum ya zo hannu wayam za ta zuba masa, amma sai ta bi shi da magana har bakin ƙofa.

Cikin masu zuwa kullum akwai Ishaya, saurayi ɗan Filato, abokin aikin babana, mai zama a gidan da ke bayan namu. Yakan zo ɗibar garwashin dafa shayi kafin ya tafi gadi, sai ya tsaya da gwangwani a hannu wai sauri yake yi, har tatsuniya ta ƙare.

Lokacin tatsuniya shi ne bayan an ci tuwo, tsakanin kiran sallar magariba da na isha'i daga masallacin layinmu. Mu yara mukan kewaye murhu, Mama tana gefe tana wanke kwanuka. Kaka ta shiga addinin Kirista tana babba, kuma wani mai bishara ya taɓa gaya mata cewa tatsuniya ƙarya ce. Ba ta musa ba, ba ta kuma daina ba. Sai dai ta riƙa sanarwa tun daga farko don kada Allah ya ce ta yaudari kowa.

"Ga wata ƙarya nan tafe," in ji ta, "ku matsa ku ba ta wurin zama."

Mu kuma mu ce, "Ta zauna, Kaka, amma tuwo ya ƙare."

Tana da labarai da yawa, na kura da na 'yan mata masu taurin kai. Wanda ya biyo ni ofis ran Talatar nan shi ne na mai tsaron wuta.

Wai a wani gari, tun kafin a san ashana, wuta ɗaya ce ta gari duka, a tsakiyar fili, a ƙarƙashin tsamiya. Wanda tasa ta mutu ya zo ya ɗiba, ya ajiye icce. Sai gari ya ga ya kamata a naɗa wanda zai riƙa kula da ita, aka zaɓi wani saurayi mai hankali da tsabta. Kaka takan tsaya a nan ta jaddada: "Ba mugu ba ne fa. Ku riƙe wannan. Da mugu ne da an gane shi da wuri."

Saurayi ya so wutar nan ƙwarai. Ya ga ruwan sama yana damunta, ya yi mata rumfa. Gari ya yaba. Ya ga awaki suna tone toka, ya zagaye ta da danga. Aka yaba. Danga kuwa sai da ƙofa, ƙofa sai da lokacin buɗewa. Ya ce a riƙa zuwa da asuba, lokacin da iska ba ta tashi ba. Daga nan ya lura mutane suna zuwa da fasasshen tsingaro suna zubar masa da toka a filin da ya share, ya ce daga yau sai da kasko mai kyau. Ya lura iccen da talakawa ke kawowa ɗanye ne, hayaƙi yake yi, ya ce su bar shi, shi zai riƙa karɓar busasshe daga gidajen manya. Wuta ta yi kyau irin wanda ba a taɓa gani ba. Baƙi daga wasu garuruwa suna zuwa kallo.

Wata rana da hantsi, ana yayyafi, wata tsohuwa ta zo da tsingaronta. Ya ce, "Iya, lokaci ya wuce, kuma kin san ka'idar kasko. Ki dawo gobe da asuba." Tsohuwa ta dube shi ta ce, "To, ɗana." Ta juya. A nan Kaka takan rage murya: "Uwarsa ce fa. Ita ta haife shi."

Mutane suka gaji, suka daina zuwa. Wasu suka koma cin gumba, wasu suka bar garin. Wata damina aka yi ruwan kwana bakwai, rumfa ta rufta, wuta ta mutu. Mai tsaro bai damu ba da farko, ya ce ai sai in ɗebo a makwabta. Ya ɗauki kaskonsa mai kyau ya bi gida gida. Ko'ina toka mai sanyi. Babu murhun da aka kunna daga wutarsa tun shekaru, don haka babu murhun da zai mayar masa. Gidan ƙarshe na uwarsa ne, ya tarar ƙofa a buɗe, tsingaronta a kife a kan murhu.

"Ƙarya ta tashi ta tafi," in ji Kaka, tana tura garwashi cikin toka. "Wanda ta taka wa ƙafa ya sani."

Na tuna wata rana na yi gardama. Ina aji huɗu lokacin, na fara zuwa na ɗaya, na kuma fara jin cewa duniya tana bukatar gyarana. Na ce, "Amma Kaka, ai gyara ya yi. Su ne ba su bi doka ba. Me zai hana su tashi da asuba?"

Ta dube ni ta cikin hayaƙi. "Maigidana," haka take kira na, "kai dai Allah ya sa kada a ba ka tsaron komai. Ko akuya."

Aka kwashe da dariya. Ishaya har ya kusa zubar da garwashinsa. Mama ta ce, "A'a Kaka, wannan fasto zai zama." Kaka ta ce, "To, shi ke nan, mun shiga uku."

Cocinmu masu gadi ne suka kafa ta, da matan sojoji, da 'yan dako, a ajin wata makarantar firamare da ake ba su aro ran Lahadi. Babana da Ishaya suna cikin waɗanda suka ɗauki bulo a ka lokacin da aka samu fili. Mama ce mai babban tulu a zumuntar mata, wanda ake bugun bakinsa da faifan soso ya yi ƙara kamar daga cikin ƙasa. Da ƙarfe tara ake shiga sujada, saboda masu gadin dare su samu su sauka daga aiki, su yi wanka, su kama motar haya ta danfo.

Na tafi makarantar tauhidi, na dawo da akwatin littattafai da Turanci mai santsi. Kaka ta riga ta rasu, babana ya bi ta. Bayan wasu shekaru aka ba ni cocin da na girma a ciki. Na fara sujadar Turanci don 'ya'yanmu da aka haifa a Legas, kuma ba laifi ba ne, har yau ban ce laifi ba ne. Ta cika. Ma'aikata daga Ikeja suka fara zuwa da motocinsu. Muka sa tayil, muka ja katanga, muka sa ƙofar ƙarfe. Kowa ya yaba.

Sai aka zo kan maganar ƙarfe tara. A taron dattawa aka ce masu Turanci sun fi yawa, su suka cancanci lokacin. Aka ce masu Hausa ba sa tashi a kan lokaci, gaisuwa kaɗai sai ta ci musu rabin awa, sai an tambayi gida da gajiya da labarin ƙauye, motoci kuma suna jira a titi. Aka ce a mayar da su ƙarfe shida na safe. Ni na rubuta sanarwar. Har aya na nemo a kan falalar neman Ubangiji da sassafe. Wanda ya yi makarantar tauhidi ba ya rasa aya, wannan yana cikin amfanin karatu.

Bayan sanarwa Ishaya ya same ni a bakin ofis. Ya zama Baba Ishaya lokacin, furfura ta cika masa kai, har yanzu yana gadi. Ya cire hula, shi da ya goya ni a wuya.

"Fasto, ƙarfe bakwai ake karɓar mu a wurin aiki."

"Na sani, Baba. Za mu duba."

"To, Fasto. Allah ya taimaka."

Ba mu duba ba. Mama ba ta ce mini komai ba. Ta ƙi dai komawa gidan fasto, ta zauna a tsohon ɗakinmu na bayan layin dogo, ta kuma daina kira na Bulus, ta koma kira na Fasto kamar kowa. Na ɗauka girmamawa ce. Ta yi wata biyu tana zuwa sujadar asuba, sannan ta ce gwiwoyinta ba sa son sanyin safe. Na aika mata man zafi. Da masu zuwa suka koma 'yan tsiraru, dattawa suka rufe sujadar Hausa saboda rashin halarta, na kuma sa hannu. Tulunan aka kai su ɗakin ajiya, bayan janareto.

To ga ni ran Talata da suna biyu a takarda. Shugaban mawaƙanmu, yaron kirki ne, ya ce in samo musu kalmomin a rubuce za su haddace kafin Asabar. Na yi tunanin Mama a kwance ana rera mata waƙoƙinta da harshen da ba ya jin abin da yake faɗa. Na ce ya bari.

Na daɗe da jin cewa Baba Ishaya yana tara mutane a wani wuri. Irin labarin nan ne da fasto yake ji ya yi kamar bai ji ba. Ran Lahadi, da yake ina cikin makoki mataimakina ne zai yi wa'azi, sai na bar mota, na hau babur ɗin okada, na yi ta tambaya har aka nuna mini. Rumfar wani kafinta ce, Bayarabe Musulmi, da yake ba su aro tun da ba ya aiki ran Lahadi. Ƙarfe tara daidai. Suna zaune a kan bencinan da ba a gama gogewa ba, ƙafafunsu cikin dusar katako. Masu gadi da ko barci ba su yi ba, 'yan okada, tsofaffin mata. Tuluna biyu sababbi. Da suka gan ni suka miƙe gaba ɗaya, aka kawo mini kujera ɗaya tilo mai majingini. Da sun bar ni a tsaye da ya fi mini sauƙi.

Baba Ishaya ya yi karatu da tabarau da aka ɗaure da zare, yana bin layi da yatsa. Wa'azinsa ba shi da kashi na ɗaya da na biyu da na uku. Gaisuwa ta ci rabin awarta, babu motar da ke jira.

Da aka tashi na ja shi gefe. Na shirya jawabi tun a hanya, mai gabatarwa da ban haƙuri a tsakiya da roƙo a ƙarshe. Ban gama jimlar farko ba ya tare ni.

"Maganar Mama ce? Ai tun ran Laraba matan suka fara gwaji. Ita da kanta ta zaɓi waƙoƙin, tun kafin a kwantar da ita."

Na ce, "Ita da kanta? A ina?"

Ya nuna mini ƙarshen benci na gaba, inda aka ajiye wani ɗan matashi mai rigar atamfa. Na san atamfar. "Nan take zama. Shekara nawa ke nan. Yaranmu 'yan okada su ke ɗauko ta. Ta ce kada a gaya maka, wai kana da aiki da yawa." Ya gyara zaman tabaraunsa. "Mun je gaisuwa gidanka ran Alhamis da safe. Mai gadinku ya ce Fasto yana ganin masu ta'aziyya daga huɗu zuwa shida na yamma. Ba laifinsa ba ne, ɗan'uwanmu ne, abin da aka gaya masa ke nan. Mu kuma lokacin muna shirin fita aiki."

Babu zargi a muryarsa. Na nema, don in samu abin da zan kare kaina da shi, ban samu ba.

Ran Asabar suka zo, matan da zanensu iri ɗaya da ya koɗe, tuluna a ka. Suka tsaya a bakin ƙofar ƙarfe sai da aka ce su shigo, a cocin da wasunsu suka ɗauki bulonta. Da aka buga tulun farko na ji shi a haƙarƙarina. Suka yi wa Mama waƙoƙinta duka, ba su bar ko ɗaya ba. Jama'ata suka ɗaga wayoyi suna ɗauka. Wata mai kirki daga Ikeja ta raɗa mini cewa lallai mu gayyace su ranar al'adu. 'Yata ta fari, wadda aka sa wa sunan Kaka, ta matso ta tambaye ni da Turanci me waƙar take cewa. Na fassara mata. Fassarar ta yi daidai, ni gwani ne a wannan.

Bayan an dawo daga maƙabarta na tsayar da Baba Ishaya. Na ce zan yi magana da dattawa, a mayar musu da ƙarfe tara, ko da za a yi faɗa. Na faɗa da gaske.

Ya yi murmushi. "Bari, Fasto. Mun saba da rumfarmu, kuma mai rumfar ba ya duba agogo. Amma duk ran da kuka bukace mu, ku aiko. Iya Hausa ba ta taɓa mayar da ni da gwangwani wayam ba, ni ma ba zan mayar da jikanta ba."

Ya sa hularsa, ya bi matan suka nufi titi neman danfo.

Na cika wa Mama alkawarinta, in cikawa ce a aro abin da kai ka kora. Tun ranar nake juya tatsuniyar nan. Da ina yaro na ɗauka hukuncin mai tsaro shi ne ya bi gari ya rasa wuta. Yanzu ina ganin Kaka sassauta masa ta yi, don mu yara mu iya barci. Wanda ya tarar da toka mai sanyi ko'ina yana iya cewa ƙaddara ce, ruwa ne, zamani ne. Ni na tarar da wuta tana ci sarai a rumfar kafinta, ba ta yi kewata ba, aka zuba mini cike da gwangwani, aka haɗa da kujera. Ban je da ko totuwar masara ba, babu kuma wanda ya bi ni da magana har bakin ƙofa. Da Kaka ce, da ta bi ni. Ashe wanda har yanzu ake ɗauka na gida ne ake bi da magana.

Na sa an fito da tsofaffin tulunan daga bayan janareto. Babban, na Mama, ya tsage daga baki har gindi. Yana ofishina yanzu, kusa da ma'ajiyar littattafai, baƙi suna tambaya ko daga arewa na sayo shi don ado. Gobe Lahadi zan hau bagade ƙarfe tara, coci za ta cika, sauti zai fita tas, ba ko hayaƙi. A kowace yamma ta yarintata Kaka takan ce wanda ƙarya ta taka wa ƙafa ya sani, ni kuma in waiga ina duban sauran yara, in ga ko wa ya yi tsalle.